Safar tsaron ciki mai inci 11.5: fata ta gari, igiya ta banza

Ba don igiyar da aikin lausasawar ba, da yau yabo zan rubuta. Mako bakwai ke nan ina tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku (tashoshin da mai gudu yake bi yana takawa a fili) da safar besbol ɗin nan mai inci 11.5, wadda ake tallatawa da cewa an riga an lausasa ta, kana ciro ta daga kwali sai fili. Kuɗinta a nan Amurka ba kaɗan ba ne, kuma duk wanda ya ƙirga wannan kuɗi ya miƙa yana da haƙƙin ya sa ran shekara uku ko huɗu kafin ya sake tunanin wata. Tawa a mako na uku ta ci amanata, ana tsakiyar wasa, a kan ƙwallon da ɗan shekara 12 zai kama ba tare da ya yi gumi ba.

Zan fara ba ta haƙƙinta. Fatar ta bijimi ce, jimar ta yi kyau, idan ka murza ta da babban yatsa ba ta tattarewa kamar takarda. Ramukan yatsu matsattsu ne, hannu ba ya yawo a ciki, bakin wuyan hannun kuma ya zauna daidai ba sai an ƙara ja ba. Ragar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya irin mai sanda ɗaya a tsaye da biyu a gicciye ce, wadda ƙasa ke zubewa ta cikinta idan ka kwaso ƙwallo haɗe da turɓaya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kwarmin tafin: marar zurfi ne, shimfiɗaɗɗe, kamar faranti. Wannan shi mai tsaron ciki, wato mai tsayawa kusa da tashoshi, yake nema.

Dalilin kuwa lissafin lokaci ne. Daga inda ake bugu zuwa tasha ta ɗaya ƙafa 90 ne, wato mita 27 da ɗan ɗoriya, kuma matsakaicin ƙwararren ɗan wasa yana cinye wannan tazara a daƙiƙa 4.2 zuwa 4.3. A cikin wannan ɗan lokaci ƙwallo za ta biyo ƙasa ta iso gare ka, ka kama, ka ciro ta, ka daidaita yatsu biyu a kan ɗinkinta, ka taka, ka jefa, ita ma jifar ta ci nata lokacin a iska. Tafiyar ƙwallo ba a hannunka take ba, ƙarfin damtse kuma ba ya ƙaruwa a dare ɗaya. Wurin da kawai za ka iya rage lokaci ko ka ɓarnatar da shi shi ne tsakanin shigar ƙwallo safa da fitarta. Shi ya sa masu tsaron tsakiya, wato na gefe biyu na tasha ta biyu, suke riƙe inci 11.25 zuwa 11.75, masu tasha ta uku su ɗan ƙara zuwa 12 saboda zafin bugun da ke zuwa musu, su bar wa masu tsaron waje, na can nesa bayan tashoshi, dogaye masu zurfin kwarmi. Kuma shi ya sa ba a son kama ƙwallon ƙasa da raga. Wurinta tafi ne, daidai gindin manuniya, inda hannun jifa zai tarar da ita ba tare da lalube ba. Aikin raga a safar tsaron ciki shi ne ta rufa maka asiri ranar da ƙwallo ta kauce da inci ɗaya ko biyu. Nan ɗin ne wannan safa ta gaza.

Ga yadda abin ya faru. Akwai mai gudu a tasha ta ɗaya, an fitar da mutum ɗaya, wato ana neman fitar da biyu a tashi ɗaya a rufe zagayen. Saboda haka tsayuwata ta matso taku biyu gaba, taku biyu wajen tasha ta biyu. Mai bugu na hannun dama ya buga ƙwallo ƙasa, ba mai zafi ba kuma ba mai sanyi ba, ta yi tsalle uku tana zuwa kai tsaye. Irin wadda ake addu'a a samu. Na yi ɗan tsallen shiri lokacin da jifa ta isa gaban mai bugu, ƙafafu sun sauka tare, na karanta tsallen ƙwallon na farko, na rage tsawon taku, dama ta sauka, hagu ta biyo, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu a ƙasa, safa a gaba da yatsunta suna shafar turɓaya, hannun dama a buɗe a samanta kamar bakin kada. Babu abin da za a gyara a nan. Tsalle na uku ya faɗi a kan leɓen da ke tsakanin ciyawa da ƙasa, wanda duk filin unguwa yana da shi, sai ƙwallon ta kauce hagu kaɗan. Maimakon gindin manuniya, sai ta sauka a mahaɗar manuniya da raga.

Safa ta ƙwarai a nan sai ta tare ƙwallon, ta turo ta cikin tafi, a ci gaba da aiki. Wannan sai na ji ƙas! Igiyar da ta ɗaure saman raga da manuniya ta tsinke, sandar ragar ta sama ta buɗe, ƙwallon ta cusa kanta a ramin ta maƙale, rabi a ciki rabi a bayan safa. Hannun dama ya kai inda ya saba, ya tarar da tafi wayam. Ja na farko ba ta fito ba. A ja na biyu sai da na tura ta daga baya. Kafin nan mai gudu ya riga ya zame ya taɓa tasha ta biyu, jifar da ta tafi tasha ta ɗaya kuma ta isa bayan mai bugu ya wuce da cikakken taku. Ƙwallon da za ta fitar da mutum biyu ba ta fitar da ko ɗaya ba, mai rubuta sakamako ya rubuta kuskure a kan mai tsaro, domin a takardarsa babu gurbin laifin igiya.

Na san wani zai ce ai da sai a cire safar a wurga ta da ƙwallon a ciki, kamar yadda Jon Lester ya yi wa Anthony Rizzo, mai tsaron tasha ta ɗaya, a 2015 lokacin suna Chicago Cubs. Doka ta yarda da hakan, amma shi Lester mai jifa ne, yana kusa da tasha ta ɗaya, kuma mutum ɗaya yake neman fitarwa. Wanda zai karɓa a tasha ta biyu yana bukatar ƙwallo tsirara a ƙirjinsa don ya juya ya jefa. Ba zai juya da safar wani a hannu ba.

Abin da ya ƙona min rai shi ne ƙwallon ba mai ƙarfi ba ce. Da a ce bugu ne mai zafi a tasha ta uku, irin wanda ke barin shaida a tafi, da na yi wa igiyar uzuri. Ƙwallon besbol nauyinta giram 142 zuwa 149 ne, wannan kuwa ta riga ta bugi ƙasa sau uku ta rage gudu. Igiyar da ba za ta riƙe wannan ba, me aka sa ta ta riƙe?

Da na warware ta a gida na ga komai a fili. Faɗinta inci 3/16 ne, alhali ragar safa mai wannan tsada inci 1/4 ya kamata a sa mata, a bar siririyar ga yatsu da gindin tafi. Kaurinta ma ba ɗaya ba ne, wani wuri da dama-dama, wani wuri kamar an fere shi. Cikinta sako-sako ne, irin fatar da ake yankowa daga gefen cikin dabba, mai miƙewa idan an ja ta. Rinin a sama kawai ya tsaya. Na ninka wani yanki da bai tsinke ba gida biyu, nan take bayansa ya tsattsage. Igiyar kirki ko ka ninka ta ka danne da haƙori ba ta yin haka. Wato an ɗauki fatar da baduku zai yi alfahari da ita, an ɗinke ta da abin da ko takalmin yaro ba a yarda a ɗaure da shi ba. Kyan ɗan maciji ke nan.

Na mayar da ita shagon. Saurayin da ke kan kanta ya karɓe ni da mutunci, ya juya ta, ya duba, ya ce, "Yallaɓai, igiya ba ta cikin garanti, abu ne mai cinyewa da amfani." Na yarda igiya tana cinyewa, duk mai wasa ya san sai an sake ta. Amma bayan kaka ɗaya ko biyu ake maganar cinyewa. Mako uku ba cinyewa ba ce, aibi ne tun daga masana'anta. Ya ce za su iya aika ta a gyara, in biya, in jira mako biyu zuwa uku, ana tsakiyar kakar wasa. Na ɗauko abata na fito.

Gyaran ba shi da wuya ga mai haƙuri. Ana bukatar igiyar fata mai tsawon inci 72 guda huɗu, ɗaya mai faɗin 1/4 don raga, uku masu 3/16 don sauran, sai basillar safa mai rami a gindi wadda ake murɗa bakin igiya a ciki, da almakashi, da ɗan man lanolin, wato man gashin tumaki. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton safar ta kowane gefe, musamman bayan raga. Kada ka warware duka a lokaci ɗaya, nan mutane suke ɓata. Layi ɗaya za ka bi: ka zare tsohuwar daga rami biyu, ka bi sawunta da sabuwar, ka sake zare biyu. Ka yanke bakin igiyar a karkace don ta shiga basilla, ka shafa mata man kaɗan don ta wuce rami ba tare da ta yage shi ba, kuma ka lura gefenta mai santsi ya kasance a waje a kowane zagaye, domin igiyar da ta murɗe a cikin rami a nan take fara cinyewa. Gicciyen da ke saman yatsu shi ne ke yanke hukuncin siffar safa. Idan ka bar shi sako-sako yatsu za su buɗe, ƙwallo mai zafi ta tanƙwara su baya ta wuce. Idan ka matse shi fiye da kima safar za ta dunƙule kamar ludayi, bakinta ya ƙuntata. Ni ina ja har sai yatsun sun haɗu ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. A kowane ƙulli ka bar jela ta inci biyu, don sabuwar igiya tana ɗan saki a makon farko kuma za ka so abin kamawa. Raga da saman yatsu sun ci min awa biyu, gindin tafi da gefuna wata awa ɗaya da rabi.

To, a nan ra'ayina ya juya, kuma ba zan ɓoye ba. Da sabuwar igiya safar ta zama wata aba daban. Na gwada ta da atisayen durƙuso, irin wanda aka san Ron Washington da shi tun yana koyar da masu tsaron ciki a Oakland har zuwa Atlanta: ka durƙusa a kan gwiwoyi, abokin atisaye yana gabanka da 'yan taku kaɗan yana jefo maka gajeren tsalle, ta gaba, ta hagu, ta bayan hannu, da hannu ɗaya kake kamawa. Ina yin 25 a kowane gefe. Wannan atisaye ba ya yi wa safa ƙarya, don babu ƙafa da za ta gyara maka kuskure, daga wuyan hannu sai fata. A gajeren tsalle ana tura safa ne gaba ta tarbi ƙwallon tana barin ƙasa, daga ƙasa zuwa sama, kada a ja da baya a jira ta. Safa mai taushin yatsu tana naɗewa a nan, mai tauri kuma tana tofar da ƙwallo. Wannan ta tsaya a tsakiya. Ƙwallo tana shiga da sauti mai kauri, tana tsayawa a gindin manuniya, hannun dama yana samunta a wuri ɗaya kowane lokaci.

A kamun bayan hannu ta fi ba ni mamaki. Wannan shi ne kamun da mai tsaron tsakiya yake yi idan ƙwallo ta nufi ramin da ke tsakaninsa da mai tasha ta uku: babban yatsa ya juya ƙasa, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe tana kallon inda ƙwallo ta fito, ƙirji a ƙasa, safa a gaban ƙafa ba a bayanta ba. A nan dole raga da babban yatsa su yi aiki, domin tafi ba ya fuskantar ƙwallo sosai. Babban yatsan safar yana da ƙarfi, an ɗan buɗe shi waje, sai ya zama kamar bakin mazurari. A bugun sandar fungo, sandar da ake bugo ƙwallon atisaye da ita, cikin ƙwallo 40 da aka aiko min ta wannan gefe, waɗanda suka kuɓuce laifin ƙafa ne, na makara wajen dasa ta dama, ba laifin safa ba. A ranar har na ce a raina zan yafe musu.

Ba ta gyara tsallen tsaka-tsaki, kuma kada wani ya saya da wannan fata. Ƙwallon ƙasa ana kama ta ne ko dai a dogon tsalle tana saukowa, ko a gajere tana tasowa. Wanda ke tsakaninsu, wanda ke samunka a ƙwauri ko a cinya tana kan hawa, ƙafa ce ke kauce masa, ta hanyar ƙara taku gaba ko rage ɗaya. Ozzie Smith, mai tsaron wuri irin nawa, bai ci kyautar Safar Zinare ta gwanayen tsaro sau 13 a jere don fatar da ke hannunsa ba, kuma yaran San Pedro de Macorís a Jamhuriyar Dominika da suka fara da kwalin madara a hannu sun fito da tafin da ya fi na masu safar tsada laushi.

Sai dai a mako na shida wani abin ya sake tasowa, ya dawo min da ɓacin ran farko. Lausasawar nan da suke taƙama da ita ba komai ba ce illa turara safar da tururi mai zafi a bubbuga ta. Tururi yana sassauta fata da sauri, amma yana fitar da man da ke cikinta, yana kuma raunana mannin da ke tsakanin fatar tafi da shafin ciki. Yanzu na gane shi ne ya ƙarasa busar da waccan igiya tun kafin ta iso hannuna. Kuma ga shi tafin ya fara kumbura, wani ƙulu kamar girman ƙwayar dabino ya taso a ƙasan yatsan tsakiya, daidai inda ƙwallo ke sauka. Mafi muni, wanda ya bubbuga ta ya karya gindin tafin a wuri ɗaya, ta gefen ƙaramin yatsa. Mai tsaron ciki yana son karyi biyu, ɗaya a kowane gefen gindi, don tafin ya zauna a buɗe.

Illar wannan a ƙwallo mai sanyi take fitowa, wadda ake rugowa a kama a guje. Ana kwasarta ne da hannu ɗaya a wajen ƙafar hagu, a kawo ta tsakiyar jiki, a jefa ana kan ƙafar dama. Safar tana buɗe sosai, ƙwallon tana hawa ta kan yatsu ta gangaro tafi. Idan tafin shimfiɗaɗɗe ne sai ta tsaya. A wannan kuwa tana cin karo da ƙulun ta yi tsalle zuwa gindi, wani lokaci ta faɗa cikin karyin ta karkace. Ba ta faɗuwa ƙasa, amma ba ta zama wuri ɗaya, sai hannun jifa ya kama ta yadda ya samu, ba a gicciyen ɗinki ba. Jifar da ba a riƙe a gicciyen ɗinki ba tana lanƙwasa a hanya, ga jiki yana gudu, sai ka ga mai tasha ta ɗaya ya bar tasharsa yana bin ƙwallo. Sau uku hakan ta faru a atisaye ɗaya.

Na yi abin da ake yi. Na zuba ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a tafin da gindin, na murza gefen babban yatsa gaba da baya har karyi na biyu ya fara fitowa, na bubbuge ƙulun da gudumar katako a kan matashi, na bar ta ta bushe a inuwa a kife, yatsu a ƙasa, sannan na shafa lanolin kamar girman ƙwayar gyaɗa a duk jikinta. Fiye da haka nauyi yake ƙara mata. Karyi na biyu ya kama, amma na farko bai tafi ba, fata ba ta manta inda aka fara karya ta. Ƙulun yana kwanciya kwana biyu ya sake tasowa. Maganinsa na gaskiya sai an buɗe gindin an sake sa manni a ciki, wato in sake warware igiyar da na ɓata awa ɗaya da rabi ina ɗaurawa.

Wannan shi ne abin da ba zan yafe ba. Da ɗanya suka sayar min da ita, mai tauri kamar katako, da na ɗauki mako uku zuwa huɗu ina wasan jifa da kamu da ita, ina murza ta da hannuna, ta karye inda nake so. Sun karɓi ƙarin kuɗi sun yi min aikin da ban sa su ba, kuma sun yi shi ba daidai ba.

Wanda duk da haka yake son ta, don fatar da siffar kwarmin sun cancanci a so su, ya nemi wadda ba a turara ba, ko da zai jira a kawo. A shagon ya sa hannu ya rufe ta sau biyar ya ga inda gindin tafin yake karyewa. Ya shafa tafin da yatsa ya ji ko fatar ta rabu da shafin ciki. Ya kama jelar igiyar da ke bayan raga ya ninka ta biyu a gaban mai shagon, idan ta tsage ya ajiye ya ɗauki wata. Kuma ko ta tsallake duk wannan, ya haɗa da igiya mai faɗin 1/4 guda ɗaya da basilla a cinikin, ya sake ɗaurin ragar tun kafin wasan farko. Ga yaro mai wasa a filin da tashoshinsa ke da tazarar ƙafa 60 ban ba da shawararta ba sam, ramukan yatsun sun yi masa tsawo kuma nauyin zai sa ya riƙa sauke hannu a makare.

Tawa tana cikin jaka yanzu da ƙwallo a tafinta, ba a ɗaure ba. Ina atisayen durƙuso da ita kullum saboda har yanzu babu wadda ta kai ta a gajeren tsalle, amma ranar wasa tsohuwata mai inci 11.25 nake ɗauka, har sai na samu yammacin da zan buɗe gindin in sa mannin.